Na Rasa Gani, Na Koya wa Kwamfuta Ta Riƙa Ba Ni Rahoto

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan labari, domin ba na son a karanta a ce "Allah sarki" a wuce. Na rubuta ne saboda masu aikin kwamfuta da idonsu ke tafiya a hankali, da kuma iyayensu da iyayen gidansu, waɗanda sau da yawa su ne ke fara yanke hukuncin cewa aiki ya ƙare.

A cikin garin Sakkwato aka haife ni, ba nisa da Kanwuri. Mahaifina baduku ne, da jar fatar akuyar nan da aka san garinmu da ita yake ɗinka jaka da takalma da kube. Na taso na tarar da kakana ba ya gani, wan mahaifina ma ganinsa ya tafi tun bai tsufa sosai ba. A gidanmu ba a taɓa kiran abin da sunan cuta ba. Cewa ake yi tsufa ne, ko ƙaddara, a yi addu'a a ci gaba da harka.

Da na gama sakandare ban bi sana'ar gida ba. Na shiga wani shagon buga takardu a hanyar da ɗalibai ke bi, na fara da fotokwafi da ɗinke takardu, daga baya Oga ya zaunar da ni gaban kwamfuta. Furojet ɗin ɗaliban kwaleji da na jami'a, takardar neman aiki, yarjejeniyar haya, katin ɗaurin aure, duk sun bi ta hannuna. Na yi sauri har ya zama ba na kallon kibod, idona na kan rubutun ɗalibi, yatsuna na aikinsu. Ban san wannan ɗabi'ar ce za ta rage mini ba.

Abin ya fara ne daga gefe. Sai in bugi ƙyauren ɗaki da kafaɗa. Sai ɗan kabu-kabu ya wuce ta gefena kamar daga ƙasa ya tsiro. A wurin aiki kuma kibiyar maus ta riƙa ɓace mini a allo, sai na kaɗa ta da ƙarfi kafin in gano inda take. Babu ciwo, babu ja, babu ƙaiƙayi, don haka kowa ya ce hasken kwamfuta ne. An ɗiga mini maganin kemis, an sa mini kwalli, an yi tofi. A shekarar 2017 aka auna ƙarfin ruwan idona, likita ya ce gilakoma ce, wadda wasu ke kira hawan jinin ido. Ya yi mini bayani a tsanake: ruwan cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, sai ya matse jijiyar gani, kuma abin da ya mutu na jijiyar ba ya dawowa. Maganin ɗigawa da tiyata suna tsare abin da ya rage ne kawai. Mun je har Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, maganar dai ita ce. Kafin ƙarshen 2018 abin da ya rage mini shi ne bambanta rana da dare.

Ba zan tsawaita kan zaman da na yi a zaure ba, amma zan faɗi abin da ya fi ci mini rai. Ba duhun ba ne. Yadda mutane suka koma yi wa Inna magana a kaina ne alhali ina zaune a wurin. "Ya ci abinci?" "Shina iya zuwa masallaci?" Maganar aure da aka fara ta mutu ba tare da kowa ya ce ta mutu ba. Wani kawuna, da kyakkyawar niyya, ya kawo shawarar a samo mini yaro ɗan jagora, a riƙa kai ni ƙofar masu hali ranar Juma'a. Ban raina masu bara ba, na san da yawansu ba a taɓa nuna musu wata ƙofa ba. Amma a daren nan na yi kukan da ban yi ba ko a Kaduna. Inna ta ji ni, ta zo ta zauna a bakin tabarma, ta ce, "Ba inda za a kai ka. In ka ga ka hita gidan ga, da ƙahwarka ka hita."

Ƙanwata ce ta fara buɗe mini hanya. Ta kunna TalkBack a wayata, wayar ta fara karanta duk abin da yatsana ya taɓa. Ta hanyarta kuma na haɗu da wani malami makaho wanda ya yi karatu a makarantar makafi ta Gindiri, mutum mai barkwanci da rashin haƙuri da son jiki. Ranar da ya zo gidanmu ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "An ce kai mai buga takardu ne. To mi kake yi a zaune?" Ya zo da filash a aljihu. Ya ce manhajojin karanta allo manya guda biyu ne a Windows. Akwai JAWS, mai kyau ce amma kuɗinta ya fi ƙarfin irinmu, in ba ka biya ba tana aiki minti 40 ne sai ka sake kunna kwamfuta. Akwai kuma NVDA, wadda wani makaho ɗan Ostareliya mai suna Michael Curran ya fara a 2006, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya shigo suka ci gaba tare. Kyauta ce, kuma ana iya ɗaukar ta a filash a kunna a kowace kwamfuta. Jin cewa makafi ne suka ƙera ta ya yi mini wani abu a zuciya da wa'azin haƙuri bai yi mini ba.

Na sayar da babur ɗina, tunda ba ni da sauran amfani da shi, na sayi tsohuwar laftof. Cikin 'yan watanni na saba da muryar, har na ƙara mata sauri. Sai na koma wurin Oga.

"To kai da ba ka gani, ƙaƙa za ka yi aikin mutane?"

"Oga, da ma ba da ido nike buga kibod ba. A samu mai karanta mini rubutun hannu, sauran ka bar mini."

Ya yarda da gwaji. Yaron shago yana karanto mini, ni ina bugawa, kuma saurina bai ragu ba. Matsalar ta fito ta inda ban zata ba, wato gajerun hanyoyin kibod. Mai ido idan ya danna Ctrl+C domin kwafa ko Ctrl+S domin adanawa, akwai 'yan alamu da yake gani ba tare da ya ma san ya gani ba: rubutu ya yi shuɗi, wani abu ya motsa a ƙasan allo, wani akwati ya buɗe. Ni kuwa in na danna, shiru. NVDA na faɗa mini in na kunna rubutu mai kauri a Word da Ctrl+B, amma kwafa da adanawa ba ta cewa uffan. Kamar ka aiki yaro kasuwa ne, ya dawo ya zauna bai ce maka komai ba, ba ka san ya sayo ba ko kuɗin ya zubar. Akwai saitin da ake kunnawa da maɓallin NVDA (wato Insert ko Caps Lock) da 4, ta riƙa faɗin maɓallan da ka danna. Wannan kuma yaron ne ke maimaita maka aiken da ka ba shi, ba abin da ya faru a kasuwa ba.

Wata rana ina buga babi na huɗu na wata ɗaliba, fayil ɗin yana kan filash ɗinta. Ashe filash ɗin ya saki a ramin, ba wanda ya lura. Ina bugawa ina danna Ctrl+S kamar yadda na saba, yaron shago na ta karatu da ƙarfi a kunnena, janareton maƙwabta na ruri. Aka ɗauke wuta, kwamfutar shago ta mutu. Da aka dawo da ita, aikin yinin nan babu shi. Ɗalibar ta fashe da kuka, washegari za ta kai wa malaminta. Oga bai yi mini faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce kawai in koma wajen ɗinke takardu kafin a ga yadda za a yi. Ba a jima ba korona ta zo, a watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, malaman jami'a kuma suka shiga yajin aikin da ya kai har Disamba. Shago ya zama kango, kowa ya koma gida.

Na kira Malam na ba shi labari, ina jiran ya tausaya mini. Sai ya yi dariya ya ce, "Ɗan'uwa, abin ga da harshen Python aka rubuta shi, kuma a buɗe yake. In ba ta hwaɗa maka abin da kake so ba, kai ka koya mata." Shi kansa bai iya ba, ya dai san ana yi.

Haka na shiga karatun da ban taɓa mafarkin yi ba. Zafin Afrilu a Sakkwato ba ya barin mutum ya zauna a ɗaki, don haka da dare nake shimfiɗa tabarma a tsakar gida, laftof a cinya, abin ji a kunne, bayan an karɓo mini ita daga wurin mai caji. Na karanta jagorar masu rubuta wa NVDA ƙari, na sake karantawa, ina tsayawa kan kowace kalma. A hankali hoton ya fito. A cikin saitunan ƙwararru akwai wurin da za ka ba NVDA izinin ɗaukar kod ɗinka, wato umarnin da ka rubuta, daga wata folda ta gwaji. A cikinta akwai gida biyu da suka dame ni. Abin da ka sa a globalPlugins yana aiki ko'ina a kwamfutar. Abin da ka sa a appModules kuwa na manhaja ɗaya ne, kuma dole sunan fayil ɗin ya zama sunan manhajar, misali winword.py domin Word. A ciki za ka rubuta ɗan aiki, ka ɗaure shi da haɗin maɓallan da kake so. Daga nan duk sanda ka danna su, NVDA za ta tare su kafin su isa ga manhajar, ta gudanar da naka umarnin. Shi ya sa dole ka sa layin gesture.send() domin ta miƙa maɓallan gaba, in ba haka ba Word ba zai ma san ka danna komai ba. Sai ui.message(), wanda duk abin da ka rubuta a cikin bakansa shi za ta furta.

Python harshe ne mai tsananin kula da tazarar farkon layi. Layi ya shiga ciki fiye da ƙima ko ya gaza, komai ya tsaya. Mai ido yana ganin wannan da kallo ɗaya. Ni sai na kunna saitin da ke sa NVDA ta yi ɗan sauti a farkon kowane layi, sautin na ƙara tsini gwargwadon zurfin layin. Har yau da kunne nake sanin siffar kod, in layi ya kauce ina jin sa kamar yadda ake jin wanda ya fita daga sahu a karatun allo. In na gyara sai in danna NVDA da Ctrl da F3 ta sake ɗaukar kod ɗin. In abu ya ƙi, NVDA da F1 na buɗe littafin da take rubuta kurakurai, in bi shi layi-layi. Akwai daren da na rubuta abin da ya sa ta yi gum gaba ɗaya, ga ni a duhu biyu. Nan na koyi cewa Windows na da nata mai karatun, Narrator, da ake tayarwa da Ctrl da maɓallin Windows da Enter. Da shi na lallaba na goge fayil ɗin. Duk wanda zai fara wannan aiki, ya haddace waɗannan maɓallai uku kafin ya rubuta layi ɗaya.

Daren da na danna Ctrl+S kwamfutar ta ce "an adana", na tashi Inna daga barci don ta ji. Da safe na kira Malam ina ta zumuɗi. Ya saurara, sannan ya ce, "Tsaya. Ta duba ta ga an adana, ko kai ka ce ta ce?" Na yi shiru. Ya ce, "To cire filash ɗin ka sake dannawa." Na cire, na danna, ta ce "an adana" da murya mai daɗi.

A kan wannan tambayar ta Malam duk sauran aikina ya ginu, kuma ita ce nake so mai karatu ya riƙe in zai gwada. Sa kwamfuta ta yi magana abu ne na layi biyu. Aikin yana wurin sa ta ta bincika kafin ta buɗe baki, domin shiru ya fi rahoton ƙarya, ko ba komai shiru na sa ka shakka ka duba. Sai na sake gini. Domin kwafa, kod ɗin yana fara leƙa abin da ke ma'ajiyar kwafe, ya miƙa Ctrl+C, ya ɗan jira ƙasa da daƙiƙa, ya sake leƙawa. In abin ya canza, sai ya ƙirga kalmomin ya faɗa mini adadinsu. Wannan ƙirgar ta fi "an kwafa" amfani nesa ba kusa ba, domin in na yi niyyar ɗaukar sakin layi guda na ji an ce kalma biyu, na san zaɓina ya zame. In bai canza ba, ya gaya mini haka. Domin adanawa kuwa, Word da kansa yana riƙe da alamar da ke nuna ko akwai canjin da ba a adana ba a takarda. Ita kod ɗina ke tambaya bayan ya jira. A nan na gano wani tarko: NVDA na da nata fayil na Word da ta zo da shi, in ka sa naka da suna iri ɗaya ba ka jawo na asalin a cikinsa ba, ka kashe wasu abubuwan da ta iya game da Word.

Sai batun murya. Muryar da nake da ita ta Turanci ce, in ta karanta Hausa sai ka rantse Bature ne ya kwana biyu a Kano. Da farko na riƙa karkata rubutun, ina ƙara haruffa har furucin ya yi kusa da namu. Daga baya na gano NVDA na iya kunna fayil ɗin sauti, sai na sa ƙanwata ta ɗauki muryarta a waya: an adana, ba a adana ba, an kwafa, an manna, babu komai. Ta yi ta dariya tana sakewa saboda zakaran maƙwabta na shiga ciki. Na ji daɗin wannan sosai, amma da aiki ya kankama sai na ga magana na cin lokaci. Mai buga shafi da yawa a yini ba ya jiran jimla. Na mayar da yawancinsu sauti da tones.beep(), gajere mai tsini in abu ya yi, mai kauri in bai yi ba. Murya ɗaya na bari, ta "ba a adana ba", domin ita ce nake so ta katse ni ko ina tsakiyar kalma. Ƙanwata ta yi aure tana Birnin Kebbi yanzu, in mun yi waya takan tambaya ko har yanzu tana yi mini tsawa a shago.

Abin da ya dawo mini da abinci kuwa haruffa masu lanƙwasa ne, ɓ da ɗ da ƙ. Muryar Turanci ba ta san su ba, ko ta haɗiye su ko ta faɗi abin da ba shi da kai. Na shigar da su cikin jerin alamomin NVDA na ba kowanne suna, na kuma rubuta wani umarni da ke bin kalmar da nake kai harafi-harafi, yana yin sauti a duk inda lanƙwasa take. Da aka buɗe makarantu na koma wurin Oga da laftof ɗina, na cire filash a gabansa na danna Ctrl+S, muryar ƙanwata ta cika shagon. Ya ce, "Ikon Allah. Zauna." Ba a daɗe ba ɗaliban sashen Hausa suka gane cewa akwai mai buga musu furojet ba tare da malami ya mayar da shi saboda an rubuta kasa a wurin ƙasa ba. Masu ido da yawa ba sa damuwa da lanƙwasa, ni kuwa kunnena ba ya barin ta wuce. Su suka riƙa kawo junansu.

Ba komai ne ya warware ba, kuma ba na son a ɗauka haka. Rubutun hannu har gobe sai an karanta mini. Takardar da aka ɗauka a hoto, manhajar gane rubutu na taimakawa in bugu ne mai tsabta, in ya dushe sai a hankali. Yadda shafi ya zauna bayan ya fito daga firinta, ko tawada ta yi gefe, ko tebur ya tsallaka shafi, dole mai ido ya duba, kuma ina biyan yaro domin wannan. Sannan fitowar NVDA ta farko a kowace shekara takan zo da canje-canjen da ke iya karya ƙarin da mutum ya rubuta, don haka ba na sabuntawa a lokacin da ɗalibai ke rububin miƙa furojet. Ina jira a yi hutu, in gwada a kan filash tukuna.

An sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, kuma ina murna da ita, amma ni abin da na gani da kaina shi ne mai shago ba ya karanta doka, aiki yake dubawa. A gida kuma na matsa sai da 'yan'uwana duka suka je aka auna idonsu, tunda likita ya ce cutar na bin jini. An samu ƙanena da ita tun ba ta yi ɓarna ba. Yana ɗiga magani safe da dare, yana tuƙa motarsa.

Ranar Asabar wasu matasa makafi kan zo shago bayan la'asar, muna zama da laftof biyu. Na lura kowa da irin rahoton da kunnensa ke so. Akwai wata yarinya da ba ta son sauti sam, ta ce yana firgita ta, cikakkiyar jimla take so. Akwai wanda ko ƙirgar kalmomi ba ya so. Da farko nakan ba su fayil ɗina su kwafa, yanzu na daina, sai dai in buɗe shi mu bi layi-layi kowa ya gyara nasa. Wanda ya fi su ƙiriniya ya riga ya wuce ni, yana rubuta na Excel da zai riƙa faɗin jimlar ginshiƙi duk sanda aka canza lamba a cikinsa, saboda yayansa na da shagon hatsi a Tsohuwar Kasuwa kuma yana so ya karɓi lissafin. Har yanzu kod ɗin na faɗin tsohuwar jimla maimakon sabuwa. Ina zargin jiran da ya sa ya yi gajere, mun yi alkawarin duba shi Asabar mai zuwa.